Kafin ka bar Android ka koma iPhone, ko ka dawo: wa ya gina gadar, kuma don wa?

 Yau ba darasin danna nan danna can zalla na kawo muku ba, ko da yake akwai shi a ciki. Ra'ayina ne a kan wata magana da na sha ji a bakin masu sayar da waya, wai "ai yanzu duk ɗaya ne, Android da iPhone sun shirya, komai naka zai bi ka." Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma rabin da ba a faɗa maka shi ne yake sa mutane asara.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. A kakar tumatur da ta wuce, wani dattijo da nake girmamawa a nan Danja, dillali ne da yake loda kwanduna zuwa Kudu, ɗansa da ke aiki a birni ya aiko masa da iPhone. Ta hannu ce, amma tsaf take. Dattijo ya ji daɗi, ya kai wa wani yaro mai shagon caji, yaron ya zare layi daga tsohuwar wayar ya sa a sabuwa, ya sauke WhatsApp, lamba ta shigo, aka buɗe. Fayau, babu komai a ciki sai sunayen guruf. Tsohuwar wayar kuma a ranar aka goge ta aka ba ƙaramin ɗansa. Shi wannan bawan Allah ba ya rubuta bashi a littafi. Littafinsa shi ne saƙon murya: wane ya karɓi kwando kaza, ya ba da kaza, saura kaza, direba ya tashi ranar kaza. Duk hujjarsa da mutanen kasuwar Mile 12 ta Legas tana cikin waɗannan muryoyi.

Da ya same ni sai ya ce, "Malam, yaron nan ya ce mini kayana suna Google, to ka ciro mini su daga Google ɗin." Na ce, "Baba, suna can, amma wannan wayar ba ta da makullin ɗakin." Ya dube ni ya ce, "To ba WhatsApp ɗin ɗaya ba ne?"

Tambayarsa ita ce maganar gaba ɗaya. WhatsApp ɗaya ne, amma a Android yana ajiye maka kwafin hirarrakinka a Google Drive, a iPhone kuma yana ajiyewa a iCloud na Apple. Ajiyar Google Drive ba ta buɗuwa a iPhone, ta iCloud ba ta buɗuwa a Android. Akwai hanyar ɗauke kaya daga wannan gida zuwa wancan, zan nuna ta a ƙasa, amma sai tsohuwar wayar tana hannunka da kayanta a ciki. Laifin ranar na gaggawa ne da rashin tambaya, ba na kowa ba. Abin da muka yi shi ne muka karɓo tsohuwar wayar, muka mayar da layin, muka sha fama kafin mu shiga Gmail ɗinsa don wani ne ya buɗe masa shekarun baya kuma ba wanda ya riƙe kalmar sirrin. Allah ya taimaka lambarsa ce a jikin akawun ɗin. Ajiyar ta dawo, amma ta makonni da suka wuce ce, saboda an bar ta a kan sai da Wi-Fi za ta riƙa ajiya, shi kuwa ina ya ga Wi-Fi? Muryoyin tsakiyar kaka, waɗanda kuɗin suke ciki, sun tafi. Sai da ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya a waya, mai tsoron Allah ya faɗi gaskiya, wanda ba shi da shi ya rage.

To yanzu ga ra'ayina. Duk lokacin da ka ga kamfani ya yi wa masu amfani da na'urar abokin hamayyarsa manhaja, kada ka ce ya yi kirki. Ka tambayi kanka me yake ci a ciki, domin ruwa ba ya tsami banza. Amsar wannan tambaya ita ce za ta gaya maka ko gadar za ta daɗe, da kuma ɓangaren da ta fi sauƙin bi.

Dubi Apple. Manhajar farko da suka ƙera da kansu suka ɗora a Play Store, a watan Satumba na 2015, sunanta Move to iOS. Aikinta guda: ta kwashe lambobinka da hotunanka da saƙonninka daga Android ta kai su iPhone. Wato kyautar farko da suka yi wa mai Android ita ce motar kwasar kaya zuwa gidansu. Bayan wata biyu suka kawo Apple Music, wadda ake biya duk wata. Amma iMessage da FaceTime da AirDrop, abubuwan da suke riƙe mutum a iPhone, ba su yi musu manhajar Android ba. A shari'ar da kamfanin Epic Games ya yi da su a 2021 an fito da wasiƙun cikin gida da suka nuna manyan kamfanin sun tattauna batun kai iMessage Android, aka ƙi, don kada iyaye masu iPhone su samu sauƙin saya wa 'ya'yansu Android. A 2022 wani ɗan jarida ya yi wa shugaban Apple, Tim Cook, ƙorafin cewa ba ya iya tura wa mahaifiyarsa bidiyo mai kyau saboda Android take riƙewa. Amsar da ya ba shi ita ce ya saya mata iPhone. An yi dariya a zauren, amma ba wasa yake yi ba, tsarin kasuwancin ke nan. Apple da sayar da waya yake cin abinci, don haka ƙofar shiga gidansa faffaɗa ce, ta fita kuwa sai ka sunkuya.

Ta fitar ma akwai tarihi. Shekarun baya duk wanda ya bar iPhone ya koma Android ba tare da ya kashe iMessage ba, saƙonnin da masu iPhone suke tura masa sai su maƙale a hanya, shi bai sani ba, su ba su sani ba. Sai da aka kai su kotu a Amurka a 2014, a ƙarshen shekarar suka fito da shafin cire lamba daga iMessage.

Google kuma akasin haka ne, kuma ba don ya fi tsoron Allah ba. Gmail, YouTube, Maps, Chrome, Drive, Photos, duk suna iPhone kuma suna aiki lafiya lau. Dalili? Google da talla yake cin abinci. Idonka yake so, ko a wace waya kake. Takardun kotu a Amurka sun nuna cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple kusan dala biliyan 20 don ya zama shi ne injin bincike na farko a burauzar Safari. Ka ga ke nan waɗanda muke faɗa a kansu a majalisa, wannan ya ce iPhone wannan ya ce Android, su a sama ciniki suke yi da juna. Amma kada ka ɗauka Google yana bin kowa. Waɗanda suka riƙe Nokia Lumia, mai Windows Phone, za su tuna wahalar YouTube. Google ya ƙi yi mata manhaja ta kirki, Microsoft ya ƙera tasa a 2013, Google ya toshe ta. Masu Lumia ba su da yawan da zai sa a damu da su, kuma ƙarfafa wannan waya ba ribar Google ba ce. Shi ke nan aka bar su da burauza.

Wannan wasa ya girmi wayar hannu. A watan Agusta na 1997 Apple yana dab da durƙushewa, sai ga fuskar Bill Gates a babban allo a taron Macworld na birnin Boston, Steve Jobs yana sanar da cewa Microsoft zai zuba dala miliyan 150 a Apple kuma zai ci gaba da yin Office na kwamfutar Mac har shekara biyar. Masoyan Apple a zauren har ihun ƙin amincewa suka yi. Microsoft a lokacin hukumomin Amurka sun sa masa ido kan zargin danne kasuwa, don haka mutuwar abokin hamayya ba za ta yi masa daɗi ba, ga shi kuma an sa burauzarsa Internet Explorer ta zama ta farko a Mac. Da yarjejeniyar ta ƙare Apple ya fito da Safari, a 2003 Microsoft ya daina ƙera Internet Explorer na Mac. Shi ma Apple ya kai Safari Windows a 2007, ya watsar da ita a 2012. Gada ce ake ginawa idan da riba, a bar ta ta ruɓe idan ribar ta ƙare, kai da kake tsakiyarta ba a shawara da kai.

Mu nan Arewa mun ɗanɗana wannan ba sau ɗaya ba. Ka tuna zamanin da ake tambayar mutum fin ɗinsa na BlackBerry? BBM ya yi shekaru yana kulle a wayar BlackBerry kaɗai, sai a Oktoba 2013 aka buɗe shi ga Android da iPhone, lokacin WhatsApp ya riga ya kwashe jama'a. A Mayu 2019 aka rufe na gama-gari. Shi kuma WhatsApp, da ya yi ƙarfi ta hanyar shiga kowace irin waya har da ƙananan Nokia, da ya ga kasuwa ta koma gida biyu sai ya fara zubar da sauran: BlackBerry a ƙarshen 2017, Nokia S40 irin su Asha a ƙarshen 2018, Windows Phone a ƙarshen 2019. Wayarka lafiyarta ƙalau, batir yana kwana biyu, amma an ce maka daga ranar kaza ba ka cikin lissafi.

Wani zai ce, to Malam ai kasuwa ce, wane ɗan kasuwa ne zai share wa kwastoma hanyar zuwa shagon maƙwabci? Na yarda. Ni ma ban ce Apple ya ba mu iMessage sadaka ba, nasa ne. Amma akwai bambanci tsakanin kayan kamfani da kayana. Manhajar tasu ce. Lambobin mutanena, hoton 'ya'yana, muryar wanda nake bi bashi, waɗannan nawa ne, ajiya na ba su. Mai ajiya kuwa ba shi da ikon cewa sai dai ka karɓi kayanka ta taga. Kuma idan ka lura, manyan sauƙin da aka samu yawanci ba da son ransu aka samu ba. Tarayyar Turai ce ta kafa dokar caja iri ɗaya, sai ga iPhone 15 a 2023 da ramin USB-C irin na sababbin Tecno da Infinix ɗinmu. Bayan dogon matsin lamba ne Apple ya karɓi tsarin saƙo na RCS a iOS 18 a 2024. A gida ma mun gani: kafin Afrilu 2013 idan ka bar MTN ka koma Airtel ko Glo, lambarka ta tafi ke nan, sai da hukumar NCC ta tilasta tsarin ɗaukar lamba daga wannan kamfani zuwa wancan. Babu kamfanin layin da ya wayi gari ya ce bari in sauƙaƙa wa mutane barina.

Ni da kai a Danja ko Funtua ko Bakori ba mu da majalisar da za ta tilasta wa kamfanin Kalifoniya komai. Abin da yake hannunmu shi ne mu san inda gadar take da inda ta tsaya.

Idan daga Android za ka koma iPhone, abu na farko: kada ka sayar da tsohuwar wayar, kada ka kyautar, kada ka bari a goge ta, har sai ka buɗe WhatsApp a sabuwar ka ga hirarrakinka da idonka, ka kunna tsohuwar murya ta yi magana. Hanyar da WhatsApp ya buɗe a 2022 ta cikin Move to iOS take bi, kuma tana so iPhone ɗin ya kasance a matakin saitin farko, wato sabo fil ko wanda aka mayar kamar sabo. Nan mutane suke faɗuwa, don mai shago ya riga ya saita maka ita ya cika ta da manhajoji kafin ka iso gida. Ka gaya masa ya bar ta a shafin farko. Ka sauke Move to iOS daga Play Store a tsohuwar wayar, ka sabunta WhatsApp ɗinka, ka jona wayoyin biyu a caji. A iPhone ka zaɓi ɗauko kaya daga Android, lamba za ta fito, ka shigar da ita a tsohuwar wayar, a jerin abubuwan da za a kwasa ka tabbata ka zaɓi WhatsApp. Idan an gama ka sauke WhatsApp a iPhone, ka shiga da lambar nan dai da kake amfani da ita, ba wata ba. Ka yi wannan aiki inda wuta take tsaye ko ka tanadi fawa bank, domin idan bidiyo sun yi yawa yana ɗaukar lokaci, kuma idan ya yanke a tsakiya daga farko za ka koma. Tarihin kiran da ka yi ba ya bin ka.

Masu GB WhatsApp da ire-irensa, ku yi haƙuri, wannan gada ba da ku aka gina ta ba. Ba na kamfanin ba ne, ba ya iPhone, kuma dama ana rufe lambobin masu amfani da shi.

Idan kuma daga iPhone za ka dawo Android, wanda yanzu yana faruwa sosai idan batir ya gaji ko kuɗin gyaran gilashi ya fi ƙarfin mutum, to igiya za ka nema mai haɗa wayoyin biyu kai tsaye, kai ɗaya na iPhone, ɗaya USB-C. An fara buɗe wannan hanya a 2021 da wayoyin Samsung, daga baya ta kai ga wayoyi masu Android 12 zuwa sama. Ita ma a lokacin saitin farko na sabuwar wayar ake yi: za ta nuna maka hoton QR, ka ɗauke shi da iPhone, WhatsApp ya fara kwasa. Kafin ka zare layi daga iPhone ka shiga Settings ka kashe iMessage da FaceTime. Kuma ka fita daga iCloud ɗinka kafin ka sayar da ita, in ba haka ba ka bar wa mai saye dutse, shi ma ya dawo yana nemanka.

Ga wata dabara da ban cika ganin ana amfani da ita ba. Tun 2023 WhatsApp ya yarda ka jona lamba ɗaya a waya fiye da ɗaya ta Linked devices. Idan aka ba ka iPhone kuma ba ka tabbatar za ka iya zama da ita ba, ka bar Android ɗinka a matsayin uwa, ka jona iPhone a matsayin 'ya, ka gwada ta mako guda ko biyu. Za ka gane da kanka cewa babu wurin sa memori, babu turo manhaja ta Xender a girka kamar yadda ka saba, manhajar da ka biya kuɗi a Play Store sai ka sake biya a App Store, kuma idan samfurin Amurka ce daga iPhone 14 zuwa sama ko ramin layi babu, sai eSIM. Sharaɗin kawai shi ne uwar ta riƙa hawa intanet, idan ta yi kwana 14 ba a buɗe ta ba za a cire 'yar.

Game da lambobin waya, shawarata ba ta canzawa: ka ajiye su a akawun ɗin Google, ko da iPhone kake riƙewa. Ba don ina son Google ba, sai don a yau shi ne ɗakin ajiyar da yake da ƙofa a gidajen biyu. Ka sa Gmail ɗinka a iPhone ka kunna Contacts, lambobinka su sauko. Hotuna ma haka, Google Photos yana aiki a duka biyun. Sai dai ka sani kyautar 15GB ce, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android a cikinta ake lissafawa, don haka bidiyon guruf na iya cinye ta ajiyarka ta tsaya ba ka sani ba. Apple kuwa 5GB kaɗai yake bayarwa kyauta. Kuma ko Google ɗin kada ka miƙe ƙafa a kansa gaba ɗaya, masu Huawei sun gani a 2019 lokacin da gwamnatin Amurka ta hana a sa manhajojin Google a sababbin wayoyin kamfanin. Wannan ma ba kamfanin ne ya janye ba, siyasa ce ta rushe gadar.

Yanzu, yau ɗin nan, ɗan uwa, ka buɗe WhatsApp ka shiga Settings, Chats, Chat backup, ka dubi ranar da aka yi ajiya ta ƙarshe. Idan ka ga wata uku da suka wuce, ka kunna wurin da ya ce a yi ajiya da data, ka cire bidiyo daga ciki don kada ya cinye maka kuɗi, ka danna ajiya da dare lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Ka tabbata ka san Gmail ɗin da yake jiki da kalmar sirrinsa, ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gona. Idan wani ne ya buɗe maka, ka canza kalmar, ka sa lambarka. Hirar da kuɗi yake cikinta kuma, ka buɗe ta ka nemi Export chat, ka tura wa imel ɗinka da muryoyinta, wannan kwafin kowace waya za ta buɗe shi.

Dattijon nan dai ya mayar wa ɗansa iPhone ɗin, ya ce a ba wani. Ba wai ta yi masa laifi ba, ya ce layi biyu yake so da batir mai kai shi dare a kasuwa. Da na bi ta rumfarsa makon jiya na tarar ya sayi littafi mai bango ja, jikansa ɗan sakandare yana zaune a gefe, duk muryar da ta shigo sai ya kunna, yaron ya rubuta suna da kwando da saura.